Dalilin da Ya Sa Na Ƙi Riƙe Halifa

Nassarawa GRA,
Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Abba,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa lokacin da za ka buɗe wannan takarda kun riga kun sauka Gombe lafiya, kai da Hadiza da Halifa. Allah ya tsare muku hanya, ya sanya albarka a gidan da za ku shiga, ya haɗa ku da maƙwabta na gari, aikin nan da ya raba ka da gida kuma ya zame maka alheri. A cikin kular dambun nama zan sa ta, ƙarƙashin leda, don na san Hadiza ce za ta fara buɗewa ta miƙa maka. Da a hannu na ba ka, da ka cusa ta a aljihun mota, sai ranar da za a sayar da motar a tsince ta.

Ba ni da labarin gida da zan ba ka. Tun aurenku a sashen baya kuke, ko tari aka yi a nan kuna ji. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki biro, kuma ka san ta. Ranar da ka shigo ɗakina ka zauna a ƙasa ka ce in riƙe maka Halifa ku tafi ku biyu, na ce maka a'a. Ka ce yaron ya fi ƙarfinku: ya ciji malamarsu, ya jefa wayar uwarsa a bokitin wanki, in aka hana shi abu sai ya kwanta yana buga kai da ƙasa. Ka ce akwai wata makaranta a nan unguwar da ake cewa tana saita yara, tsadarta ba ta dame ka ba, kai dai za ka riƙa turowa duk wata. Na saurare ka har ka gama, na ce ɗanka da kai zai tafi. Ka ce, "To, Umma," ka tashi, sannan ka yi kwanaki ba ka shigo cin tuwo ba.

Ban ga laifinka ba. A garin nan wace kaka ce ake miƙa wa jika ta naɗe hannu? Kuma na san abin da ka raya a ranka ko da ba ka furta ba: matar da ta riƙa nesa-nesa da ni ina yaro, yau ga shi ɗana ma ba ta so. Wannan tunanin ne ya hana ni sukuni. Jiya da na leƙa ta taga na gan ka da kanka kana ɗora ƙaramin kekensa a motar kaya, shi kuma yana riƙe da ƙafar wandonka, sai na ji an sauke mini wani nauyi. Na je na yi alwala na yi nafila. Amma haƙurin da ka yi bai ishe ni ba, so nake ka san dalili, don da baki na kasa faɗa maka.

Kai ɗan fari ne, kuma sunan kakanka aka sa maka, mahaifin Babanku. Kunya biyu ke nan a kaina. A gidanmu a Gumel haka na tashi na gani: uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban manya, ba ta yi masa wasa, in aka ce yaron nan ya yi kyau sai ta kau da kai kamar ba da ita ake ba. A wurinmu wannan ita ce tarbiyya, wadda ba ta yi kuwa cewa ake ba ta da ta ido. Ga shi Hajiya Babba, kakarka, ta dawo wurinmu da zama bayan rasuwar mijinta, idonta na kaina safe da yamma. Kowa a gidan Abba yake ce maka, ni ko Abban ba na iya faɗa. "Kai" nake cewa, ko "wannan yaron". Da aka haifi Zainab, ita babu kunya tsakaninmu, sai na saki jiki. Ina goya ta, ina yi mata waƙa, ina ƙwala mata kira daga kicin har bakin get. Kai kana tsaye kana kallo.

A Gumel abin yana zuwa da sauƙi, don in uwa ta janye, akwai gwaggo, akwai inna, akwai kakanni masu ƙarfi a jika da za su ɗauke yaro su yi ta lallaɓa shi. A nan fa? Gida ne mai katanga da get, maƙwabci sai a cikin mota ake ganinsa. Hajiya Babba tana son ka, amma ciwon ƙafa ya zaunar da ita, a kan darduma take yini da carbinta. Na ɗauko al'adar na kawo ta inda babu masu cike gurbin, ban kuwa lura ba. Saboda haka kafin ka riƙe wata al'ada a gidanka, ka duba ko abin da ke tallafe da ita a da yana nan. Gombe za ku, ba ku da kowa a can. In kai da Hadiza kuka janye jiki daga Halifa, babu wanda zai ɗauka.

Kana aji biyu na firamare abin ya ta'azzara. Lokacin ne soja suka koma bariki aka dawo siyasa, Babanku ya samu muƙami, gidan nan ya koma kamar tasha. Motoci har kan titi, 'yan siyasa da 'yan maula cike da farfajiya tun safe. A shekarun ne kuma aka ƙaddamar da Shari'a, duk inda ka juya, a rediyo ne, a masallaci ne, a gidan suna ne, maganar gyaran tarbiyya ake yi. Mu kuma ga namu a gida yana bi yana sace wa baƙi iskar tayar mota. Ka fasa gilashin motar maƙwabcinmu da dutse, ka datse wa Zainab kitso da almakashi, ka kwance rediyon Babanku gutsi-gutsi ranar da yake jiran jin sakamakon zaɓe. Wata ƙawata ta ce mini cikin raha, "Hajiya, ku da ake gani a talabijin wajen taron gyaran al'umma, ku fara da gida mana." Na yi dariya a gabanta, tana fita na shige ɗaki na yi kuka.

Kuɗi sun shigo mana a lokacin, sai muka ɗauka su ne maganin. Aka cire ka daga makarantarku aka kai ka wadda ta fi ta tsada, da suka gaji da kai aka kai ka wadda ta fi wannan ɗin. Aka ɗauko malamin lesin, bai cika wata ba ya daina zuwa, ko sallama bai yi mana ba. Wata ta ce iska ce, aka kawo mai ruƙiyya. Wani ya ce baki ne saboda muƙamin Babanku, aka yanka rago, ka sha rubutu har ka fara gudu in ka ga kofin. Ba na raina addu'a, har gobe ina yi maka. Amma gaskiya ba addu'a nake nema ba a lokacin. Wanda zai karɓe ka daga hannuna ya gyara ya dawo mini da kai nake nema, kamar yadda ake kai mota gareji.

Ka san ni 'yar kasuwa ce, da atamfa da leshi na yi ta fama har ƙarfina ya ƙare. Ban taɓa saro kaya ban tambayi kaina me zai dawo mini ba. Amma a kanka na yi ta zuba kuɗi ban taɓa zama na tambaya ko akwai abin da ya canza ba, saboda biyan kuɗin kansa yana sa mutum ya ji ya yi wani abu. Ka kiyayi wannan jin, Abba. Ranar da ka ce mini tsadar makarantar ba ta dame ka ba, muryata na ji a bakinka. Duk abin da za ka kashe a kan yaron nan, ka dawo bayan an kwana biyu ka duba da idonka: cizon ya ragu, ko dai kai ne hankalinka ya kwanta don ka biya?

Maganar duka kuwa, ka fi ni saninta, a jikinka aka yi. Babanku ya sayo dorina ya rataye a bayan ƙofar falo. Ni ban cika taɓa ka ba, nawa shi ne, "Bari Babanku ya dawo." Shi kuma yana can wajen taro, sai ya dawo a gajiye in tare shi da ƙara tun daga bakin ƙofa. Wata rana ya zane ka a kan ƙaramin abu, wata rana ka yi babban ya ce a bar shi ya huta. Yaro ba ya gane komai a irin wannan sai cewa abin sa'a ne. Kada ka bari Hadiza ta mayar da kai dodo, kai ma kada ka yarda ka zama. Abin da kuka hana yau ku hana shi gobe, ku biyun baki ɗaya, hukuncin kuma ya zama ƙarami wanda za ku iya cikawa ba tare da rai ya ɓaci ba.

Da komai ya ƙi, sai Babanku ya yanke shawarar makarantar kwana, wata mai nisa da aka ce suna da horo. Aka sayo akwatin ƙarfe a kasuwa, mai fenti ya rubuta cikakken sunanka a murfin da farin fenti. Aka ajiye shi a baranda ana jiran hutu ya ƙare. Kai da ko maɓallin riga ba ka gama iya sawa daidai ba. Na ga kana zagaya akwatin kana shafa rubutun da yatsa.

A cikin hutun ne Zainab ta yi zazzaɓi na kai ta asibiti, na tafi da kai don babu mai yarda a bar masa kai. Muna jiran likita ka ture tiren magani, kwalabe suka tarwatse. Na ɗaga hannu ke nan sai wata ma'aikaciyar jinya, Sista Binta, ta ce, "Hajiya, bar shi, za a share." Da muka gama ta biyo ni har mota ta ce, "Akwai wani zama da muke yi da iyaye ranar Asabar da safe, a wata makaranta a Hotoro. Horo muka samu a kan irin wannan. Ki zo ki gani."

Na ce, "Sai in kawo shi da ƙarfe nawa?"

Ta ce, "Shi ki bar shi a gida. Ke za ki zo."

Wallahi na ji haushi. Ni da ke da 'ya'ya biyu, matar mai muƙami, a zaunar da ni a koya mini reno? Da ta faɗi abin da ake biya ma sai na ƙara raina abin, don bai kai kuɗin atamfa turmi ɗaya ba, wadda ba ta da shi kuma ba a korar ta. A raina na ce abin da masu tsada suka kasa, wannan ne zai iya? Abin da ya kai ni shi ne akwatin nan na baranda.

Na je na tarar da mata a kan bencin 'yan makaranta, da matar ɗan kasuwa, da malamar firamare, da masu sayar da abinci daga Tudun Murtala, kowa da irin nata. Ni kaɗai direba ya kawo, na zauna a baya ina rufe fuska da mayafi. Sista Binta ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kaina na zazzage mata laifuffukanka tas, ban rage ko ɗaya ba. Ta ce, "To, na ji. Wane abu yake yi mai kyau?" Na buɗe baki na rasa. Ta ce, "Yaushe rabon da ki yabe shi?" Sai ta ba mu aikin gida: kullum a ware ɗan lokaci, ko da tsawon dafa shayi ne, a zauna da yaro, shi zai zaɓi wasan, ba umarni, ba gyara, ba wa'azi. In kuma ya yi abin kirki komai ƙanƙantarsa, a kira shi da sunansa a faɗa masa abin da ya yi.

Na ce, "Sista, ɗan fari ne fa. Kuma sunan surukina gare shi."

Ajin ya ɗauki dariya, ba ta raini ba, kowa ta gane. Wata ta ce, "Ai kuwa Hajiya kin shiga uku." Sista Binta ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ni ma ina da ɗan fari, na san abin da kike ji. Amma ki duba, kunyar nan ke kika san da ita, shi bai san da ita ba. Abin da ya sani shi ne ana kiran ƙanwarsa da suna ana yi mata dariya, shi kuma ba a juyowa a kalle shi sai ya fasa wani abu. In ke ce, me za ki yi?"

Muka kama hanyar gida. Na yi ta tuna ranakun da ka yi ɓarna, sai na ga a duk cikinsu ne kaɗai nake riƙe hannunka, in dube ka ido cikin ido, in daɗe ina yi maka magana, ko da faɗa ne. Da kaina na koya maka hanyar samuna.

Washegari bayan la'asar na same ka a gindin mangwaron baya, ka kwance wata tsohuwar fanka kana jera ƙusoshinta a ƙasa. Na shimfiɗa ɗankwali na zauna kusa da kai. Ka ɗago a tsorace ka ce, "Umma, me na yi?"

Na ce, "Ba ka yi komai ba. Kallo na zo yi."

Ka daɗe kana satar kallona, kana jiran inda faɗan zai ɓullo. Da ka ga shiru sai ka miƙo mini wata ƙaramar ƙusa ka ce in riƙe kada ta ɓace. Na riƙe ta a tafin hannuna kamar zinare. Da ka gama jerawa na tattaro duk ƙarfin da nake da shi na ce, "Abba, ka iya jera su daidai, manya daban ƙanana daban." Wannan ce rana ta farko da Abban ya fito daga bakina. Kunnuwanka sun ji, don na ga yadda ka gyara zama.

Kada ka ɗauka daga nan komai ya daidaita. Sai ma da abin ya ƙara lalacewa. An koya mana mu daina biye wa ƙananan rigima, ihu ne, birgima ce, a kau da kai har ta wuce, a yaba in an yi shiru. Kai kuma da ka ga tsohuwar hanyarka ta daina aiki sai ka ƙara mata ƙarfi, ka yi birgimar da ba ka taɓa yi ba, a gaban baƙin Babanku kuwa. Ga Hajiya Babba ta hango ni ta taga a gindin mangwaro, ta aika aka kira ni ta ce, "Yau kuma me nake gani? Ke da ɗan fari a ƙasa kuna wasan yara, har da kiran suna? Zamani ya zo mana." Na durƙusa na ba ta haƙuri, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Asabar ɗin da ta biyo baya ban je aji ba. Na ce na bari.

Sista Binta ce ta aiko mini da saƙo ta hannun wata 'yar ajin, cewa an faɗa mana tun farko abin zai fara tsananta kafin ya sauka, in na bari yanzu na koya maka cewa babbar birgima ita ce mai aiki. Na koma. Wannan ka riƙe shi da kyau, don zai same ku da Halifa: ranar da ya fi kowace rana rigima bayan kun fara, ba ita ce ranar bari ba. Hajiya Babba kuwa har Allah ya ɗauki ranta ba ta ce na yi daidai ba, amma ta daina magana, wata rana ma na ji tana ce wa wata baƙuwa yaron nan ya yi hankali, rubutun ya kama shi. Na bar ta a haka, Allah ya jiƙanta.

Babanku da ƙyar na ja shi sau ɗaya. Ya ce shi da ake jira a taro zai je ya zauna a bencin yara? Ya dai je, da babbar rigarsa, gwiwoyinsa har ƙirji. Aka ce a gwada, shi ya zama yaro ni in zama uwa, in ba shi umarni daga nesa cikin tsawa, sannan in matso kusa in dube shi in faɗi abu ɗaya a hankali. Da na daka masa tsawar, ajin nan har da masu riƙe ciki. A mota ya ce, "Man da muke ƙonawa zuwa Hotoro ya fi kuɗin ajin nan." Na ce haka ne. Ya ce, "Gilashin motar maƙwabci kaɗai ya isa a koyar da duk matan can." Daga ranar dorinar ta bar bayan ƙofa, ban tambaye shi inda ya kai ta ba. In ka tambaye shi yanzu zai ce maka shi ya fara kawo shawarar zuwa, ka bar shi da ita.

Hutu ya ƙare ba a ɗauki akwatin ba. Babanku ya ce a ƙara zango ɗaya a gani, zangon ya wuce ba a aiko daga makaranta ba, sai aka ja akwatin aka kai sito. Ba waliyyi ka koma ba, ka ci gaba da kwance duk abin da ke da ƙusa, sai dai ka fara mayarwa, kuma ga shi yau da wannan hannun kake ci.

Zan faɗa maka gaskiya irin ta 'yan kasuwa. Ajin nan yana da araha a kuɗi, amma ba kyauta ba ne. Ya ci mini safiyar Asabar da bukukuwa da dama, ya ci mini ciniki, ya ci mini girman kai, ya sa surukata ta kalle ni a matsayin marar kunya. Kuma ba kowa ya yi wa aiki ba. Akwai wadda ta bari ba ta dawo ba, akwai wadda aka ce ɗanta sai ya haɗa da ganin likita don nasa ya wuce rigima. In kuka yi iya yinku kuka ga Halifa bai sauya ba, ku kai shi a duba shi, ba abin kunya ba ne. Amma in na ɗora abin da ajin ya ci a gefe, na ɗora makarantu da raguna da gilasai a ɗaya gefen, na kuma tuna abin da makarantar kwanan za ta ci, da yaron da za ta dawo mini da shi wanda bai san ni ba, ban taɓa yin ciniki mai riba irin wannan ba. Zainab da Auta, da aka haifa daga baya, su ma sun ci ribarsa ba a ƙara ko kwabo ba, don abin da na koya a kanka da shi na rene su.

To ka ga dalilina. Da na karɓi Halifa, da na zame maka garejin da ni na yi ta nema. Zan iya da shi, wallahi zan iya, ina son yaron nan har cikin raina, gidan ma ban san yadda zai zame mini ba in babu ihunsa. Amma ba ni yake nema ba. Ka lura da shi: sunan Babanku gare shi, shi ma ɗan fari ne, Hadiza kuma 'yar gidan mutunci ce, in ina wuri ko kallonsa ba ta yi. Kai kana fita tun safe, in ka dawo ƙararsa ce ke tarar ka. Shekaranjiya na kira ta na ce mata ni na yafe kunyar nan, Babanku ma ya yafe, ta ɗauki ɗanta a gaban kowa ta kira shi yadda take so. Ta yi ta kuka. Ta ce ta tambaya, akwai irin wannan zaman a can inda za ku, ita tana so, kai ne take jin nauyin faɗa wa. Ka je, Abba. Ku je tare, ka zauna a bencin ko da gwiwarka za ta taɓa haɓarka. In ka dawo daga aiki, kafin ka tambayi me ya yi, ka zauna a ƙasa ka riƙe masa ƙusa.

Akwatin yana nan a sito, barguna nake ajiyewa a ciki. Fentin ya fara dusashewa amma sunan yana karantuwa. Duk sanda na je ɗaukar bargo sai na karanta shi a zuci, ban taɓa yi a fili ba. Abban na iya, wancan kuwa har yau harshena bai ɗauka ba, na bar ka ka girma ba ka taɓa jin sa daga bakina ba. Gobe in kun zo sallama ma na san ba zan iya ba, mutane za su cika wurin, zan ce Allah ya kiyaye hanya in kau da kai, kada ka ɗauka wani abu ne.

Allah ya kai ku lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da na mutane, ya shirya maka Halifa, ya sa ya ji ƙanka. Ka gaishe mini da Hadiza, ka shafa mini kan mai gidana.

Allah ya yi maka albarka, Sulaiman. Ban taɓa ƙin ka ba ko na rana ɗaya, ɗana Sulaiman.

Wassalam,
Ummanka.